Keturah Zadok, Mafarauciyar Yoyon Gas a Jimeta

Haihuwa da Asali

An haifi Keturah Zadok a watan Mayun shekarar 1962 a garin Numan, inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai. Mahaifinta, Malam Zadok Ishaku, makanikin injin kwalekwale ne wanda yake haɗawa da facin tayar keke idan aikin ruwa ya yi sauƙi. Mahaifiyarta kuwa, Hansai, ta shahara a bakin kogi da bandar kifi. Keturah ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida, kuma ta tashi a gidan da ba a wasa da zuwa majami'a, ba a kuma jefar da abin da zai gyaru.

Tun tana ƙarama aka lura ba ta da haƙurin zama gefen murhun banda. Rumfar mahaifinta take gudu, inda yakan hura tiyub ɗin keke ya miƙa mata, ita kuma ta nutsa shi cikin daron ruwa tana juyawa a hankali har ta ga inda kumfa ke tsattsafowa. Da ta gani sai ta danne wurin da yatsa ta hau tsalle, ruwa na fallatsa wa duk wanda ke kusa. 'Yan uwanta sun shaida cewa wannan zumuɗi na gano ɓoyayyen rami bai bar ta ba har tsufanta.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare ta mishan a Numan a shekarar 1969. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Gongola aka mai da Yola babban birninta, goggonta Liyatu, wadda take aikin jinya kuma take zaune a unguwar Ajiya da ke Jimeta, ta ɗauko ta domin ta sa ta a makarantar koyon sana'a, sashen ɗinki. Ranar rajista sai hanya ta bi da Keturah ta gefen ɗakin koyon aikin lantarki. Ta taga ta hango wani malami ya juya bayan firiji ga ɗalibai, yana bayanin yadda gas ke zagayawa cikin siririn bututu, yana kwashe zafin da ke ciki yana zubar da shi waje. Ta tsaya a nan har aka tashi, layin rajistar ɗinki kuwa ya ƙare ba da ita ba.

Goggo Liyatu ta aika Numan neman shawara, domin a wancan lokaci ba a saba ganin mace a wannan sashe ba. Amsar da Malam Zadok ya aiko gajeriya ce: a bar ta, allura da sukundireba duk ƙarfe ne. Da wannan izini ta yi shekara huɗu a sashen, ta kammala a 1980 da kyakkyawan sakamako.

Koyon Aiki a Wajen Ignatius

A ƙarshen shekarar 1980 ta samu gurbi a shagon Ignatius Chibundu da ke bayan kasuwar Jimeta. Ignatius ɗan asalin kudu maso gabashin ƙasar nan ne, amma a Jimeta ya girma, nan kuma ya dawo bayan yaƙin basasa ya sake kafa sana'arsa ta gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. A wajensa Keturah ta fahimci cewa wahalar sana'ar ba cika gas ba ce, gano inda yake zurarewa ne. Gas ɗin ba shi da launi, ba shi da warin da hanci zai kama, ramin da yake fita ta ciki kuwa sau da yawa bai kai bakin allura ba. Wanda ya cika bai toshe ba, kamar mai ɗiban ruwa ne a kwando.

Makamin farko da aka ba ta shi ne ruwan sabulu da burushi. Akan shafa a kan mahaɗar bututu a jira kumfa ya kumbura. Yana maganin babban rami, amma ƙarami yakan kuɓuce masa. Wata safiya a farkon 1981, bayan ta shafe bayan wani firijin mahauta da sabulu ba ta ga komai ba, Ignatius ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wata fitila ta jan ƙarfe mai siririyar roba a gefe, ya kunna.

"Keturah, zo ka gani abu," in ji shi, da Hausarsa ta kasuwar Jimeta wadda ba ta raba mace da namiji. "Wannan wuta wane kala ne?"

"Shuɗi ne, Oga."

"To riƙe bakin wannan roba, bi bututu da shi. Kar ka yi sauri. Ido naka a kan wuta."

Ta bi a hankali. Da ta iso wata kwana ƙarƙashin kwampireso, wato injin da ke tura gas, sai harshen wutar ya rikiɗe ya zama kore shar. Ta janye robar ya koma shuɗi, ta mayar ya sake yin kore. Sai da ta maimaita har Ignatius ya ƙwace fitilar yana dariya.

"Oga, me ya gaya wa wutar?"

"Roba ya shaƙo gas ya kai wa wuta, wuta ya canja kala. Gas yana ɓuya ma ido, amma ba ya ɓuya ma wannan."

An ce ranar Keturah ta koma Ajiya da ƙafa ba tare da ta ankara ba, ta kuma hana goggonta cin abinci cikin natsuwa saboda labarin koren wuta. Cikin shekarun da suka biyo baya ta ƙware da wannan fitila har abokan sana'a suka riƙa aiko da abin da ya gagare su, ana cewa a kai wa Madam mai wuta.

Aure da Iyali

A shekarar 1983 wani malamin lissafi ɗan asalin Ganye, Nicodemus Abednego, ya kawo firijin gidan malamai gyara. Firijin ya gyaru a ranar, amma malamin ya ci gaba da dawowa da ƙorafe-ƙorafen da ba a taɓa samun tushensu ba, har Ignatius ya gaya masa cewa abin da ke damunsa ba a shago ake gyara shi ba, a Numan ne. An ɗaura aurensu a watan Disambar 1985 a majami'ar iyayenta.

Malam Nicodemus ya zama babban mai goya mata baya. Shekaru da dama mutanen Jimeta sun saba ganinsa da safe a kan babur, akwatin kayan aiki a gaba, matarsa a baya, ya sauke ta sannan ya wuce makaranta. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1987 da 1997, kuma ta ƙarshe an raɗa mata suna Amara domin girmama matar Ignatius, wadda ta riƙe Keturah tamkar ƙanwa.

Shagon Damilu da Sauyin Zamani

A shekarar 1991, wadda a cikinta aka raba Gongola aka samar da Jihar Adamawa, Ignatius ya sallame ta da albarka, ta buɗe nata shago a unguwar Damilu. Ofisoshi da otal-otal suna ƙaruwa, zafin Yola kuwa bai taɓa ragawa kowa ba, saboda haka aiki ya yi mata yawa.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 sai sana'ar ta shiga ruɗani. An fara janye tsohon gas daga kasuwannin duniya saboda illar da yake yi wa sararin samaniya, sabbin firiji da motoci suka fara zuwa da wani sabo. Wannan sabon gas bai sa harshen wuta ya canja launi yadda aka saba. Makanikai da dama suka koma ga sabulu da kintace. Keturah ba ta amince da kintace ba. A 2001 ta ji labarin wata na'ura da ake sayarwa a Kano, ta bi mota ta je, ta dawo da ita a naɗe cikin zane. Na'urar ba ta wuce girman rediyon hannu ba, tana da dogon wuya mai lanƙwasuwa, tana aiki da batir. Idan bakinta ya shinshino gas sai ta fara ƙara, ƙarar na daɗa sauri gwargwadon kusantar ramin. Keturah ta sa mata suna Mai-hanci, sunan kuma ya bi irin na'urar a bakin makanikan Jimeta.

Daga tasha ba ta wuce gida ba, shagon Ignatius ta nufa. Ta gwada masa a kan wata mota da yoyon gas ɗinta ya gagari kowa, na'urar ta tsandara ƙara a bayan wata ƙusa, ita kuma tana tafi kamar yarinya. Ignatius ya juya abin a hannunsa ya mayar mata.

"Yana da kyau," in ji shi. "Amma batir yana mutuwa. Wuta nawa bai taɓa yaudara na ba."

"Oga, zamani ya juya. Gas ɗin yanzu ba ya jin yaren fitilarka."

"Wanda yake ji, zan ci gaba da shi. Wanda ba ya ji, zan aiko maka."

Haka suka yi ta tafiya, kowa da makaminsa, har tsawon shekara bakwai.

Haɗarin 2008

A watan Afrilun 2008 aka kira Ignatius duba ɗakin sanyi na wani mai sayar da kifi. Bai san cewa kafin shi wani da ba a gano ko wane ne ba ya cika injin da gas ɗin girki, wanda yake sanyayawa amma yake kama wuta. Da ya kunna fitilarsa ya kusanci bututun, wuta ta tashi ta ƙone masa hannuwa da gefen fuska. Ya yi watanni a asibiti, kuma yatsunsa ba su sake riƙe sifana ba.

Keturah ta yi jinyarsa tare da matarsa Amara. A wannan zama ne ta yanke shawarar cewa lokaci ya yi da za a raba makanikai da buɗaɗɗiyar wuta wajen neman yoyo, musamman da yake sabbin firiji da kansu sun fara zuwa da gas mai kamawa. Ta kai maganar ƙungiyar masu gyaran firiji, aka saurare ta da ladabi, amma ba a motsa ba. Da labari ya kai wa Ignatius sai ya ce a kai shi taro na gaba. Ya miƙe a gaban jama'a ya ɗaga hannuwansa biyu.

"Ni na kawo fitila Jimeta kafin a haifi wasu naku," ya ce. "Ku duba da kyau. Abin da yarinya na ya faɗa, ku yi."

A ranar aka amince ƙungiya ta sayi na'urorin shinshina, har da irin wadda ke gane gas mai kama wuta, a ajiye a shagon Damilu duk mai buƙata ya ara. Keturah ta ɗauki nauyin koyar da amfani da su kowace Asabar. Ta koya musu tsabtace bakin na'ura, da bin bututu daga ƙasa saboda gas ya fi iska nauyi, da matsa bututu da iskar naitirojin a duba ko allurar awo za ta sauka. Waɗanda suka halarta sun ce ba a yin gyangyaɗi a ajinta, domin duk lokacin da ɗalibi ya gano rami takan fi shi murna. Ignatius ya rasu a 2015, bayan ya ga fitilar wuta ta ɓace daga shagunan garin.

Injin Busarwa na Bako

Aikin da ya fi ɗaukaka sunanta ya zo a 2018. Shekara guda kafin nan wata ƙungiyar raya karkara ta kafa wa matan Bako, a Yola ta Kudu, injin busar da kuɓewa da tattasai da tumatir. Irin injin nan ne da ake kira mai janyo zafi, wato tamkar firiji da aka juya aikinsa: yana kwaso zafi daga iska ya tara shi cikin ɗakin busarwa, yana kuma tatse danshin kayan. Da hasken rana yake aiki, kuma ko a ranar hadari yakan samu abin da zai juya da shi. Saboda dogaro da shi matan suka faɗaɗa gonakinsu na kuɓewa a daminar wannan shekara.

A watan Agusta, daidai lokacin da kuɓewa ta zuba, ruwa kuma ya hana shanya a ƙasa, injin ya daina ɗumi. An cika masa gas ya tashi, bai jima ba ya sake sanyi. Shugabar matan, Na'inna, ta zo Damilu da kanta.

"Adda Keturah, kwanduna suna jibge, na ƙasa sun fara baƙi," ta ce. "Matan nan da bakina na ce su ƙara shuka. Idan kayan nan suka ruɓe, ban san da wane ido zan dube su ba."

Keturah ta ɗauki akwatinta suka tafi. Ta shafa sabulu, babu kumfa. Ta matsa naitirojin injin yana a kashe, allura ta tsaya cak. Ta kunna shi ta kawo Mai-hanci, na'urar ta hau ƙara ta ko'ina, domin fankokin injin suna watsa gas ɗin cikin rumfar baki ɗaya. Daga nan ta gane cewa tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi yana girgiza, idan ya huce sai ta rufe bakinta. Na'inna ta ce ta yi mamakin ganin fuskarta a lokacin, domin maimakon damuwa idanunta ƙyalli suke yi.

"Wannan ɓarawo mai wayo ne," in ji Keturah. "Na daɗe ban gamu da irinsa ba."

'Yarta Queen, wadda ta karanta injiniya a Yola kuma ba ta daɗe da dawowa daga wani horo a Legas ba, ita ta kawo shawara. Ta zo da wani rini na musamman da ake ɗura wa injin ya gauraya da mansa, ya zagaya duk inda gas ke bi. Inda akwai tsaga zai tsattsafo, kuma idan aka haska shi da wata tocila mai haske shunayya sai ya yi ƙyalli. Suka ɗura rinin, suka ƙara gas, suka bar injin yana aiki.

Washegari da hantsi sai wata matsala ta taso. Ƙyallin rinin ba ya fitowa sai cikin duhu, rumfar kuwa a buɗe take ta kowane gefe. Jiran faɗuwar rana ba zai yi ba, domin injin zai tsaya, kuɓewar kuma ba ta da sauran haƙuri. Queen ta fara maganar neman tamfol a gari.

"Duhu kawai kuke so?" Na'inna ta tambaya. "Ai wannan muna da shi a gida."

Ta aika kira. Nan da nan mata suka fito da barguna da zannuwan gado da tabarmi, suka kewaye injin kafaɗa da kafaɗa, kowace ta ɗaga nata sama, dogaye suka rufa ta bisa. Keturah, tana da shekara hamsin da shida a lokacin, ta sa tabarau mai ruwan ɗorawa, ta karɓi tocilar ta rarrafa ciki. Zafi ya yi tsanani, hannuwan matan suka gaji, amma babu wadda ta sauke. Ana jin motsinta tana bin bututun gaɓa-gaɓa. Can sai dariyarta ta fito daga ƙarƙashin barguna.

"Queen, shigo ki gani! Ga shi nan yana ƙyalli kamar zare."

A bayan wani maɗaurin ƙarfe, inda bututu ke goga jikin injin idan yana girgiza, wani siririn layi kore yana haske. Ba sabulu ko hancin na'ura da zai kai wurin ba tare da an kwance maɗaurin ba. Matan suka saki barguna suka ɗauki guɗa. Uwa da 'ya suka janye sauran gas ɗin cikin tukunyar gas, suka yi wa tsagar walda, suka sa roba tsakanin bututu da ƙarfe, suka zuƙe iska suka cika sabo. Kafin la'asar iska mai ɗumi ta cika ɗakin busarwa. An yi asarar kwandunan ƙasa, amma mafi yawan amfanin wannan damina ya tsira.

Shekarun Ƙarshe

Bayan aikin Bako, kira ya riƙa zuwa mata daga otal-otal masu irin wannan inji na dafa ruwan wanka, da kuma ƙungiyoyin manoma har daga Mayo-Belwa da Ganye. A 2019 ta miƙa wa Queen ragamar shago, ta mai da hankali ga koyarwa, inda ta yaye ɗalibai da dama, cikinsu har da 'ya'yan matan Bako. A 2021 ɗanta Danny ya kawo mata wata na'ura mai abin sawa a kunne, wadda ke jiyo sautin fitar gas da kunnen mutum ba ya ji. Iyalinta sun ce ta yini tana yawo da ita a gida, ta saurari tayar mota da tukunyar gas ɗin girki, har Malam Nicodemus ya roƙi a bar masa famfon banɗaki ya huta.

Ciwon zuciya ya fara taɓa ta a 2023. Duk da haka ba ta daina zuwa ajin Asabar ba sai da ƙafa ta gaza, daga nan ɗalibai suka koma zuwa mata gida.

Rasuwa da Jana'iza

Keturah Zadok ta rasu a wani asibiti a Yola a watan Maris na shekarar 2024, tana da shekara sittin da ɗaya. An yi sujadar jana'izarta a majami'arta da ke Damilu, aka binne ta a maƙabartar Kirista ta Jimeta. Watan Maris shi ne lokacin da zafi ke kai maƙura a Yola, lokacin da makanikin firiji ba ya samun zaman cin abinci. Amma a ranar jana'izarta masu wannan sana'a, Musulmi da Kirista, suka rufe shagunansu suka kashe wayoyinsu, suka zo cikin kayan aiki suka ɗauki akwatin gawarta a kafaɗa. Duk wanda injinsa ya lalace a Jimeta ranar, sai da ya yi haƙuri da gumi har wayewar gari.

Ta rasu ta bar mijinta, Malam Nicodemus Abednego, da jikoki bakwai, da 'ya'ya huɗu: Endurance, malamin makaranta a Ganye, Queen, injiniya mai riƙe da shagon Damilu, Danny, ɗan kasuwa a Jimeta, da Amara, ma'aikaciyar jinya a Numan.

Ubangiji Ya ba ta madawwamin hutu, Ya sanyaya zukatan waɗanda ta bari.